Direban Jirgin Kan Tebur

Malam Bazazzage, bawan Kanawa, ina gajiya, ina sanyin Jamus? Ya uwargida da haƙurin zama da kai? Saƙonka na murya ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe, ko da yake rabinsa ba muryarka ba ce, gurnanin wani abu ne da ka kara wa waya, ka ce in ji in gaya maka abin da ke damunsa. Da ka fara da cewa jirginka ba shi da lafiya har na gyara zama, na ce lallai bawana ya yi arziki a Turai, ni ma kakata ta yanke saƙa. Ashe kan jirgi ne da zai shige aljihun babbar riga, wanda kake zagayawa da shi a kan tebur a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kai da furfurarka da digirorinka. Ka roƙe ni in bar maganar tsakaninmu. To ga ta nan, tsakaninmu da masu karatu.

Dole dai in wanke ka ta fuska ɗaya, kada dangi su ji a Zariya su fara neman mai ruƙiyya. A ƙasar da kake zaune wannan ba wasan yara ba ne, dattawa 'yan fansho da injiniyoyi da likitoci ne ke zuba masa kuɗi. Kamfanin Märklin na garin Göppingen tun 1859 yake ƙera kayan wasa. A girman da aka fi yayi, wanda suke kira H0, komai an rage shi sau 87: kan jirgi, tarago, tasha, bishiya, har mutumin da ke zaune a dakali yana jiran jirgi. Tsakanin ƙarafan dogon biyu milimita 16.5 ne kacal. Wuta ta cikin dogon take bi, ta hau ta ƙafafun jirgi, ta isa ga wani ɗan injin lantarki da ke ɓoye a ciki. Akwai waɗanda suka fi wannan ƙanƙanta, N da aka rage sau 160, da Z sau 220 wanda Märklin ya fito da shi a 1972, amma mun gode Allah idonka ba zai kai can ba. Na kuma san inda ka kwaso cutar. A Hamburg ne, gidan kallon nan na Miniatur Wunderland da tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001 cikin tsofaffin rumbunan kaya na bakin ruwa, inda aka shimfiɗa dogo fiye da kilomita 15, jirage sama da 1,000 suna kai-kawo, gari ya waye dare ya yi duk cikin minti 15. Mutane kan shiga su yi kallo, su ɗauki hoto, su koma gida su kwanta. Kai da ka fito kasuwar gwanjo ka zarce.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wai ƙara ce ta dame ka. Kai ɗin? Mutumin da ya tashi a Sabon Garin Zariya, bayan tashar jirgi, wanda jirgin kaya kan wuce tsakar dare kwanon rufin gidansu yana rawa shi yana ta minshari? Dogon da ya iso Kano a 1911 ta garinku ya bi, amma ka sani ba don ku aka yi shi ba, mu ya nufa, ku dai kuna kan hanya ne. Turawa sun shimfiɗa shi suna lissafin auduga, har suka kafa muku injin gurza, mu kuwa daga 1912 muka shiga cika musu taragu da gyaɗa, sai da lissafinsu ya dawo namu. Duk da haka an bar muku mahaɗa. Ta nan reshen Gusau da Ƙauran Namoda ya ɓalle, ta nan kuma aka ja wani siririn dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi zuwa Jos da Bukuru don kwaso kuza, aka kammala shi a 1914, aka rufe a 1957. Ka ga ke nan son ƙaramin jirgi gado ne a wurinku, ba a Jamus ka faro ba. Ga cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa baki ɗaya a garinku take. Amma da jirgi ya yi gurnani, Bakano ka nema. Na karɓi wannan shaida, zan adana ta.

To tun da ka kawo kuka gidan ubangidanka, matso. A cikin abin da ka naɗo mini ƙara uku na ji, kuma babbar cikinsu ba daga jirgin take fitowa ba, daga teburinka take. Gwada ka gani. Ɗauke kan jirgin daga dogo, kwantar da shi rigingine a kan soso, ka taɓa wa ƙafafunsa wayoyin wuta biyu. Za ka ji fiye da rabin hayaniyar ta ɓace. Ka samo faffaɗan katako marar kauri, ka ɗora a kan firam mai rami a ƙasa, ka kafe dogo a kai da ƙusa. Malam, ganga ka haɗa, jirgin nan makaɗi ne kawai. Kowace 'yar girgiza ta injin da ta ƙafa ƙusa take bi ta sauka cikin katako, katako ya ɗauka ya kumbura ta ya watsa wa ɗaki, ƙafafun tebur kuma su miƙa wa daɓe da bango. Shi ya sa masu abin suke shimfiɗa wani abu mai taushi tsakanin dogo da katako, ko roba, ko ɓawon itacen nan na Fotugal da ake toshe bakin kwalba da shi. Na gani a hoton da ka turo ka sa, na yaba maka. Sai dai ka bi shi da ƙusa har cikin katako, ka sake buɗe wa ƙarar hanyar da ka toshe.

Tsakuwa kuma ta zo ta ƙarasa ɓarnar. Ka barbaɗa 'yar tsakuwar ado a gefen dogo don ya yi kama da na gaske, ka jiƙa ta da farin gam na kafintoci. Gam ɗin nan in ya bushe ƙandarewa yake, ya haɗe dogo da tsakuwa da katako su zama abu ɗaya, taushin shimfiɗar ya tashi a banza. Ka tuna da kyau, kafin ka zuba tsakuwar ai jirgin bai kai haka baki ba. Akwai gam mai danƙo wanda ko ya bushe yana lanƙwasuwa, shi ake sawa, in ya kama a zare ƙusoshin. Katakon kuma a ƙara masa kauri, a gicciya masa sanduna ta ƙasa. Na san wannan na nufin ka kankare aikin wata da watanni. Ba ni na aike ka ba.

Ta biyu ita ce wannan ƙas, ƙas, ƙas da ke zuwa a jere, in ka ƙara wuta ta ƙara sauri, in ka rage ta rage. Ɗiga wa ƙafa ɗaya alama da alƙalami, ka bar jirgin ya tafi a hankali, ka zuba ido. In duk zagaye ɗaya na ƙafar ƙas ɗaya kake ji, to giya ce ta tsage. A jikin sandar ƙarfen da ta haɗa ƙafa biyu akwai 'yar giya ta roba da aka cusa da ƙarfi tun a masana'anta. Shekaru na tafiya roba na tsukewa, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake, har wata rana robar ta gaji ta dare tsakanin haƙora biyu. Tsagar sai da madubin ƙara girma za ka gan ta, amma ta isa ta buɗa tazarar haƙoran, duk sanda wurin ya zagayo ya haɗu da ɗaya giyar sai ya yi tuntuɓe. Shi ya sa jirgin naka yake ɗingishi in ya rage gudu. Ciwon sananne ne. Amurkawa sun sha fama da shi a wasu jiragen da aka ƙera a shekarun 1990, har akan buɗe kwali a tarar giya ta riga ta tsage tun jirgin bai taka dogo ba. Maganinsa ɗaya ne, a sake giya, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Da Bakano ne ya je kasuwar gwanjon nan, tun a gaban mai kaya zai sa a kunna, ya kasa kunne, ya ji ƙas ɗin, ya zabge rabin kuɗi. Kai kuwa na rantse fenti ka kalla, ka tsaya ka karanta tarihin jirgin a jikin kwali, ka biya abin da aka faɗa har da godiya.

Da ka ji yana kuka me ka yi? Mai. Da bakinka ka faɗa, wai kana ta ɗura masa amma abin sai gaba yake yi. Ai dole. Abin da gwanaye ke sawa shi ne iya abin da tsinin allura ya ɗauko, ɗigo ɗaya a bakin boris, ɗan giris kaɗan a haƙoran giya, shi ke nan sai an daɗe. Duk wanda ya wuce haka yawo yake tafiya. Ya gangara inda 'yan gawayin injin suke gogar tagulla suna ba kwayil wuta, ya cuɗe da garin gawayin, ya cike 'yan tsagogin da ke raba wutar, injin ya ɗau zafi ya soma ƙauri. Ya sauko ƙafafu ya shafe dogo, ƙura ta manne, wuta ta riƙa yankewa, fitila tana ƙyafta ido. 'Yan zoben robar da ke sa ƙafa ta kama dogo su kumbura su saɓule. Kuma ba kowane mai ne ke shiri da roba ba, wani cin ta yake a hankali. Tsohon jirgin da ya shekara 20 a kwali giris ɗinsa na asali ya riga ya daskare, ba ƙari yake so ba, wanki yake so: a kwance shi, a goge tsohon tas, sannan a sa sabo. Na ji ƙishin-ƙishin har kwalbar man girkin uwargida ka fara yi wa kallon sha'awa. Kul. Wannan in ya kwana biyu danƙo yake zama, ranar kuma ba jirgin kaɗai ne zai yi ƙara a gidan ba.

Ta uku, gurnanin injin kansa, da ita aka haife shi. Tsofaffin injuna masu kwayil uku fizga suke yi. Na yanzu masu biyar, da aka ɗan karkata ramukan kwayil ɗinsu aka kuma sa musu dunƙulen tagulla a jikin sanda don juyin ya daidaita, sun fi ladabi nesa ba kusa ba. Injin yana juyi dubbai a minti, sai an bi da shi ta wata giya mai zare irin na noti kafin gudun ya ragu ya kai ƙafa. In ta matse da giyar da ke ƙarƙashinta sai kuka, in ta yi sako-sako sai kwaramniya, tsakanin biyun kuwa bai wuce kaurin takarda ba. Cire gangar jikin ka kunna shi tsirara. In ya yi shiru, to wata waya ce ke gogar abin da ke juyawa, ko gilashin taga ya saki, ko murfin ne kawai ke amsa amo. Sannan don girman Allah ka rage gudu. Jirgin da ke cin kilomita 100 a awa, in an rage shi sau 87, santimita 32 ke nan a daƙiƙa. Abin da na gani a bidiyon da ka turo, ka murɗe wuta har ƙarshe, da fasinjojin nan na roba suna da baki da salati za ka ji, ba gurnani ba.

Ka ma gode Allah da ba tsohon tsarin Märklin ka faɗa ba. Nasu jiragen wani ɗan takalmin ƙarfe gare su a ƙasa da ke goge wasu ƙananan ƙusoshi a tsakiyar dogo yana ɗibar wuta, tsohon dogonsu kuma na langa-langa ne sukutum. In ya tashi kowa a gidan sai ya sani. Da yawa cikin dattawan Jamus ba sa so a taɓa musu, ƙarar yarintarsu ce.

Ka ambaci komawa tsarin dijital, wato DCC, wanda Bajamushe Bernd Lenz ya faro a shekarun 1980, Amurkawa suka mayar da shi ma'auni a shekarun 1990. Wuta na nan a dogo kullum, kowane kan jirgi da 'yar dikodarsa da lambarsa, sai wanda aka kira yake motsawa. Dikodar ba rage ƙarfin wuta take ba, datsa ta take gutsi-gutsi tana ba injin. Tsofaffin a hankali suke datsawa, kunne yana jin bugun, injin ya riƙa ƙugi. Na zamani sukan yi bugu 16,000 zuwa sama a daƙiƙa, inda kunnen mai shekarunka ya daɗe da yin ritaya. Kada dai ka ɗora jirgin da ba shi da dikoda a dogon dijital ka tafi shan shayi. Zai tsaya cak yana wani siririn kuka, yana ɗaukar zafi, ka dawo ka tarar da gawa.

Na san rabin damuwar tsoro ne. Kana ƙasar da daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba a yarda da hayaniya ba, ranar Lahadi kuwa ko injin yanke ciyawa ba a tayarwa. Maƙwabci ba zai yi sallama ya ce Malam a ɗan rage ba, takarda zai rubuta ya jefa maka a akwatin wasiƙa. In ka zo hutu kuma, janaretan maƙwabta uku na ruri a bayan tagarka, kai ne mai makara sallar asuba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganarka ta ƙarshe. Ka ce kana so jirgin ya yi tsit ne domin ka sa masa dikoda mai sauti. Jama'a ku taya ni ji. Akwai kamfanoni irin su ESU a Jamus da Zimo a Ostiriya masu sayar da muryar jiragen gaske da aka naɗo: hucin tururi, usur, kukan birki, har ƙarar shebur ɗin mai zuba kwal, duk an ɗura a 'yar dikoda da 'yar mitsitsiyar lasifika. Mai kyau takan kai Yuro 100, ta yiwu ma ta fi kuɗin da ka biya a gwanjo. Har daidaita ta ake yi da juyin ƙafa, domin jirgin tururi mai silinda biyu huci huɗu yake yi a kowane zagaye, mai uku kuma shida, akwai kuwa dattawan da za su tsuguna su ƙirga, in bai cika ba su ce ba su yarda ba. Wato za ka kashe kuɗi ka kori ƙarar da ka samu kyauta, ka sake kashe wasu ka sayo ta wani. A Kantin Kwari yaron da ya yi wa maigidansa irin wannan ciniki, a ranar zai koma gidan ubansa.

Amma na gane abin da ke cin ka, ko ba ka faɗa ba. Komai na jirgi yana raguwa sau 87 ya zauna daram, ban da sauti. Ido yana yarda a yaudare shi. Ka sunkuya daidai dogo, ka ga fitila ta ɓullo daga kwana, taragu na biye, zuciya ta ce ai shi ne. Kunne ba ya karɓar wannan cin hanci. Ƙaramin abu siririyar murya gare shi, ɗan injin da ke juyi dubbai a minti ba zai taɓa yin muryar tan 100 na ƙarfe ba. Lasifikar ma ƙanƙantarta ba za ta bar ta ta fitar da wancan amo mai kauri ba, wanda a ƙirji da tafin ƙafa ake fara jin sa tun jirgi bai bayyana ba. Shi kake nema a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma ba ya cikin kwali. Za ka samu usur, za ka samu huci, kofin shayinka ba zai motsa ba. Dogon ma ba naku ba ne. Milimita 16.5 ɗin nan kwaikwayon dogo ne mai faɗin milimita 1,435, irin na Turai, irin wanda aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016. Naku na Zariya 1,067 ne, in za a rage shi daidai sai ka nemo mai milimita 12. Balle muryar masu tallan rake da dafaffen ƙwai ta taga, da 'yan dako suna a ba su hanya, da tsohuwar da ke rantsuwa jikanta bai isa biyan tikiti ba. Je ka tambayi Jamusawa ko suna da wannan a dikoda.

In aikin ya fi ƙarfinka, kuma na san zai fi, naɗe kan jirgin a tsumma ka ba mai zuwa gida. Masu gyaran agogo da rediyo na Kano sun saba da noti da ya fi wannan ƙanƙanta, ba kuma za su tambaye ka digiri nawa gare ka ba. Ladan wannan bincike kuwa ban yafe ba. Ka haɗa da kuɗin shara na bara da na bana, tun da watan cika-ciki ya zo ya wuce ka yi kunnen uwar shegu, wai kana ƙasar waje. A Yuro nake so. Ka turo ta banki, kada ka ɗoro su a jirgin naka, don na lura tun da ka saye shi zagaye yake yi, bai taɓa isa Kano ba.